Na Ba Yayana Ƙodata, Sannan Na Tona Masa Asiri a Waya

Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da masu karatu, ina roƙon ka sakaya sunana, duk da na san 'yan garinmu za su gane ni tun kafin su kai rabin labarin. A lokacin da abin nan ya faru ni malamar firamare ce a Batsari, bazawara da miji ya rasu ya bar wa 'ya'ya uku, kuma duk unguwarmu an san ni da hali ɗaya, wato ba a faɗa mani magana in kwana da ita. Ko a makaranta idan an taɓa wata malama ni ake turawa gaba, domin bakina ba ya jin nauyin kowa. A wancan lokacin ina ganin wannan halin jarumta ce, har ina alfahari da shi, ina cewa ni ba na munafunci. Yanzu kam ina iya wuni ban ce uffan ba, har ɗalibaina su riƙa tambayar juna ko Malama ba ta da lafiya.

Ina da yaya namiji guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makarantar horon malamai a lokacin da dangi ke cewa ɓata kuɗi ne. Mahauci ne, yana zaune a Runka tare da matarsa da 'ya'yansa da tsohuwarmu, yana bin kasuwanni yana sayen shanu, kuma yana da teburin nama a kasuwar Batsari. Halinmu ya sha bamban, domin shi mutum ne mai zurfin ciki, wanda zai iya wuni da ciwo yana yi maka dariya. Auta yake ce mani, kuma ko da na haifi 'ya'ya uku bai daina kallona kamar yarinyar da yake goyawa a keke ba. Da ƙafafunsa suka fara kumbura cewa ya yi tsayuwar kasuwa ce. Sai da ya faɗi a gona aka kai shi Katsina, likita ya ce hawan jini ya daɗe yana cinsa, ƙodojinsa duka biyu sun gaza. Aka fara yi masa wankin ƙoda, yana zuwa yana dawowa, mutanen gari suna ɗauka harkar shanu ce ke kai shi birni.

Da likitoci suka ce mafita ita ce dashen ƙoda, aka gwada jinina aka ga ya dace da nasa. Ban yi shawara da kowa ba na ce a cire tawa ɗaya a sa masa. Ya ƙi, ya ce ina da marayu, na ce masa idan ya mutu ai marayun sun ƙaru ne, kuma ni ba zan iya riƙe gida biyu da albashin malamar firamare ba. Da ƙyar ya yarda. Ya sayar da shanunsa a kasuwa mai nisa ta hannun wani amininsa, ya sayar da babbar gonar gado a asirce, aka nema mana bizar Indiya. Ana gab da tafiya ya tara mu a ɗakin tsohuwa, ni da matarsa, ya ce abu ɗaya yake roƙonmu, kada wani mahaluki ya ji inda za shi da abin da ke damunsa. Ya ce ba zai bi gida gida yin sallama ba, ba zai sa liman ya roƙa masa addu'a a masallaci ba, domin a yankinmu yanzu duk wanda aka ji ya hau jirgi an ɗauka buhunan kuɗi ne a ƙarƙashin gadonsa, kuma maganar da aka yi a majalisa da safe kafin azahar ta isa daji. Tsohuwa ta yi kuka, ta ce a gidanmu ba a taɓa yin doguwar tafiya ba a nemi gafarar maƙwabta ba, balle tafiyar da za a tsaga mutum. Ya rarrashe ta, ya ce idan ya dawo zai bi kowa ya ba shi haƙuri. Sannan ya juyo ya dube ni, ya ce Auta, da ke nake, na san bakinki. Na yi dariya na rantse masa.

Gaskiya asibitin da muka je sun riƙe mana amana. Tun ranar farko suka tambaye shi wa da wa ya yarda a faɗa wa halin da yake ciki, ya ce ƙanwarsa da matarsa kawai, kuma daga nan ko wani ɗan ƙasarmu ya leƙo yana tambaya ba sa gaya masa komai. A ɓangaren masu dashe ma an hana ɗaukar hoto. Matsalar ita ce ni Turancina na aji ne, nasu kuma da sauri yake fita, shi Yaya ko kaɗan ba ya ji. Don haka muka dogara da wani tafinta, Bahaushe ɗan ƙasarmu da ya daɗe a can, wanda shi ya karɓe mu a filin jirgi, ya nema mana masauki, yana raka mu wurin likita. Mutum ne mai fara'a da daɗin baki, Hajiya yake ce mani alhali ko Jidda ban taɓa zuwa ba. Sana'arsa ke nan, kawo marasa lafiya daga gida, asibitoci suna sallamarsa. A ƙasar da ba ka san kowa ba, wanda ya gaishe ka da Hausa sai ka ji kamar ɗan ɗakinku ne, kuma haka na ɗauke shi.

Aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Ba zan manta ranar da aka tura ni a keken marasa lafiya zuwa ɗakinsa ba, na tarar kumburin fuskarsa ya fara saɓewa, ya ɗago hannu da ƙyar yana tsokanata wai yanzu da ƙodar mai faɗa a jikinsa kowa ya shiga taitayinsa. Likita ya yi mana dogon bayani, ya ce akwai ƙwayoyin da zai riƙa sha safe da yamma har ƙarshen rayuwarsa, su ne za su hana jikinsa ƙin sabuwar ƙodar, kuma idan ya yi wasa da su ko na ɗan lokaci ne aikin zai iya lalacewa. Ya ce ya guji cunkoso, ya guji ruwan da ba a tafasa ba. Na riƙe wannan bayanin da kyau, ni ce ma mai tuna masa lokacin magani.

Ana cikin haka matarsa ta kira ni tana kuka. Ashe tafiyar da muka yi babu sallama ta zame mana wani bala'in a gida. Mahauci mai sayen shanu ya ɓace rana ɗaya, ya sayar da dabbobinsa a ɓoye, ya sayar da gona, iyalinsa kuma an tambaye su sun ce ya yi tafiya kawai. Mutane suka haɗa nasu lissafin. Wasu suka ce dama shanun sata yake saye a hannun mutanen daji, wasu suka ce infoma ne mai kai wa 'yan bindiga rahoto, asirinsa ya kusa tonuwa ya gudu, wasu ma suka rantse jami'an tsaro ne suka ɗauke shi. Ta ce an daina gaishe ta a gidan suna, an daina sayen nama a hannun yaran teburinsa, kuma 'yan sa-kai sun zo ƙofar gida sun yi tambayoyi. Duk wanda ya san yankinmu ya san wannan zargi ba abin wasa ba ne, ana rasa rai a kansa. Ta roƙe ni kada in gaya wa Yaya don kada jininsa ya hau. Na kashe wayar. Mutumin da ya yi shekaru yana ba maƙwabta nama bashi ranar sallah, wai shi ne infoma. Wallahi da ina gida a ranar da sai an ji mu da mutanen garin nan.

Washegari tafinta ya shigo da wayarsa, ya ce yana so Alhaji, wato Yaya, ya ɗan yi godiya a bidiyo, wai shugabannin asibitin kawai zai nuna wa don su san yana kula da baƙinsa. Ya tura ƙofa ya rufe saboda kada ma'aikatan jinya su gani, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa in farga, amma ban farga ba. Yaya yana kwance, maganin barci bai gama sakinsa ba, rigar asibiti ta zame daga kafaɗarsa, ga robar fitsari a rataye a gefen gado. Ya dube ni yana neman shawara da ido, na ce masa ba komai Yaya, yi kawai. Tafinta yana yi masa tambaya yana amsawa, ya faɗi sunansa, ya faɗi garinsu, ya faɗi sana'arsa, ya faɗi ciwon da ya kawo shi da wadda ta ba shi ƙoda. Ni kuwa tun yana magana zuciyata ta riga ta yanke abin da za ta yi. Muna fita na ce tafinta ya turo mani, na zauna a barandar asibitin na tura shi guruf ɗin matan danginmu da na malaman makarantarmu. Na bi shi da saƙon murya mai zafi, na ce ga infoman naku nan a gadon asibiti a Indiya, masu bakin tsiya su kalla da kyau, kuma in sha Allahu kafin azumi muna gida, wanda ya isa ya zo ya maimaita a gabana. Na ji sanyi a raina da na tura, ba zan ɓoye ba.

Kafin mu bar Indiya bidiyon ya gama zaga Batsari da Runka har Safana. Saƙonnin addu'a da ban haƙuri suka riƙa shigowa, waɗanda suka yi zargin suka bi matarsa har gida suna neman gafara, ni kuma ina ta hura hanci ina ganin na wanke yayana. Shi ma tafinta ashe ya saka shi a shafinsa yana tallar aikinsa, da lambarsa a ƙasa. Yaya bai sani ba sai da wani abokin kasuwarsa ya kira shi yana yi masa sannu, yana cewa ya gan shi a waya. Ya ajiye wayar ya juyo ya dube ni. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na fara kawo masa dalilai, na gaya masa zancen 'yan sa-kai, ya saurare ni har na gama. Bai yi faɗa ba. Ya ce da na gaya masa, da ya sa amininsa ya je wurin mai gari da shugaban 'yan sa-kai a asirce ya nuna masu takardar asibiti, magana ta mutu a tsakanin mutum uku. Sannan ya tambaye ni ko 'ya'yansa mata sun gan shi da robar fitsari. Na ce ban sani ba, alhali na sani.

Da muka dawo ya ce ba zai koma Runka da zama ba, ya sauka a gidana a Batsari, matarsa ta taho da yara. Masu dubiya suka yi ta tururuwa, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu taɓa gani ba, kowa yana so ya ga mutumin da aka yi wa dashe a Indiya. Ina tsaye a ƙofa ina hana su shiga saboda gargaɗin likita, suna cewa na zama baturiya. Tsohuwa kuwa ƙafa ta hana ta hawa mota, tana ta aiko da saƙo cewa tana so ta taɓa ɗanta da hannunta kafin ta yarda yana raye. Ya daure na wani lokaci, rannan da safe ya sha maganinsa, ya sa takunkumin fuska, ya ce zai je ya gaishe ta ya dawo kafin la'asar. Na ce ya tafi da ƙwayoyin yamma, ya ce ba zai kai yamma ba, kuma zafin mota yana lalata su. Ya hau a-kori-kura tare da 'yan kasuwa kamar kowa.

Direban motar ne ya zo ya faɗa mana da bakinsa. Ya ce da rana tsaka 'yan bindiga suka fito daga cikin gonaki a kan babura suka tare hanya, suka sauke kowa suka kwantar. Ba su taɓa kayan kowa ba, ba su karɓi wayar kowa ba. Ɗaya daga cikinsu yana riƙe da waya yana bin fuskokin mutane yana tambaya ina mai Indiya. Da ya zo kan Yaya ya fizge takunkumin, ya dubi wayar, ya dube shi, ya ce shi ne. Shi kaɗai suka ɗauka. Ina jin haka, abin da ya fara zuwa raina ba bindiga ba ce, ƙwayoyin nan ne da ke kan tebur a ɗakina.

Da suka kira, ni na karɓi wayar, kuma a ranar na gane bakin da nake taƙama da shi ba ya da wani amfani. Na yi magiya, na haɗa su da Allah, na ce mutumin nan ba shi da komai, duk abin da ya mallaka ya tafi a magani. Wanda ke maganar ya yi dariya, ya ce sun ga ɗakin da ya kwanta, ko gidan gwamna albarka, talaka ba ya kwana a irin wannan wuri. Ya ce ai ke ce ƙanwar mai ƙodar, mun ji muryarki, ke ce mai cewa wanda ya isa ya zo, to ga shi mun zo. Na ce su taimaka su karɓi maganinsa ko da ba su sake shi ba, suka yarda, muka ba mai babur ɗin da ke kai masu saƙo. Daga baya muka ji ba a ba shi ko ƙwaya ɗaya ba, sun riƙe suna cewa sai an cika masu abin da suka nema. Abin da muka haɗa ba zan tsaya lissafa shi a nan ba, na dai sayar da filina da ɗan abin da na tara wa 'ya'yana, matarsa ta sayar da kayan ɗakinta, mahautan kasuwa suka yi karo-karo. Kowace safiya idan lokacin maganinsa ya yi sai in ji kamar ana murɗa mani wurin ɗinkina.

Ya yi makonni a hannunsu kafin su sako shi. A bakin wani ƙauye aka tsince shi, ba ya iya tsayuwa, fuskarsa da ƙafafunsa sun koma yadda suke kafin mu tafi, har sun fi. Ruwan rafi ya riƙa sha, zazzaɓi ya kama shi. Muka wuce da shi Katsina kai tsaye, likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, daga ƙarshe suka kira ni gefe suka ce jikinsa ya ƙi ƙodar, ta daina aiki, sai dai a koma wanki. Na ce a cire ɗayar tawa a sa masa, likitan ya dube ni kawai ya ce in je in zauna. A kwanakin da na yi jinyarsa bai taɓa cewa ni na jawo masa ba, ko sau ɗaya. Abu ɗaya ya ba ni labari daga zaman dajin, shi ma sai da na matsa. Ya ce idan sun gaji da zama sukan kunna bidiyon a gabansa, su sa shi ya maimaita godiyar da ya yi a ciki suna dariya. Ya ce duka bai yi masa ciwo kamar wannan ba. Da ya ga ina kuka ya ce Auta, ke kin ba ni abin da ba wanda zai ba ni, ki bar tuhumar kanki, kwana ne idan ya ƙare ya ƙare. Bai kai ƙarshen damina ba ya rasu.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma malamai sun yi mani nasiha har na gaji da ji. Amma na san kuma amana ya ba ni, ya kira sunana a gaban mahaifiyarmu ya roƙe ni, na rantse, sannan na karya saboda ina so in rama wa masu gulma. Tsohuwa ba ta taɓa yi mani maganar ba, sai dai tun daga lokacin idan na shiga ɗakinta da waya a hannu takan juyar da kai. Matarsa tana zaune da ni har yanzu, muna riƙon yaran tare, kuma wani lokacin na fi son ta zage ni a kan wannan haƙurin da take yi da ni.

Shi ya sa na rubuto, domin na ga abin ya zama ruwan dare. Mutum yana kwance a asibitin waje bai san inda kansa yake ba, 'yan uwansa sun ɗauke shi hoto sun watsa wai a saka shi a addu'a. Jama'a, Allah yana jin addu'a ko ba a nuna masa hoto ba. Ciwon mutum sirrinsa ne, shi ke da ikon faɗa ko ɓoyewa, kuma amincewar wanda magani bai sake shi ba ba amincewa ba ce. Idan za ku fita da mara lafiya, ku zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu riƙon amana a gari, irin liman ko mai gari, ku gaya masu a asirce don su tare maku zargi idan ya taso. Kada ku bar tafinta ko dillalin asibiti ya ɗauki majinyacinku komai daɗin bakinsa, kada ku faɗi lokacin dawowarku a waya, kuma mai shan magani irin na yayana kada ya taka ƙofar gida ba tare da shi a aljihu ba. Masu irin zuciyata kuma, idan aka ɓata maku rai ku ajiye wayar tukuna, domin abin da ka tura ba ka da ikon dawo da shi.

Na roƙi tafintan nan ya sauke bidiyon, na gaya masa mutumin ya rasu, ya yi mani ta'aziyya mai tsawo sannan ya toshe lambata. Har yau bidiyon yana nan yana yawo. Kwanan baya wata mata daga wata jiha, mijinta na fama da ciwon ƙoda, ta samo lambata ta turo mani shi. Ta ce ganin yadda wannan bawan Allah ya samu lafiya ne ya ba su ƙarfin gwiwa, tana tambaya ya jikin nasa yanzu, ko ya koma kasuwa. Har yanzu ban ba ta amsa ba.